Abin da ke raunana Wi-Fi a gida da yadda ake ƙara masa ƙarfi

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, biyan kuɗin intanet ɗin da ba ya isa ɗaki ya zama asara mai ciwo. Sau da yawa kuma laifin na wurin da aka ajiye na'urar rarraba intanet ne, wato rauta.

Rautar da ke aiki da layin waya hanya biyu take kula da su. Ta farko daga ƙarfen sabis zuwa gare ta, ta biyu daga gare ta zuwa wayoyin gida. Idan intanet na tafiyar hawainiya ko mutum yana tsaye kusa da ita, matsalar tana hanyar farko ce, kuma maganinta matsar da rautar kusa da tagar da sabis ya fi ƙarfi. Idan kuwa sai an shiga ƙuryar ɗaki yake raguwa, to gini ne ke tare shi.

Wi-Fi igiyar rediyo ce. Bangon siminti mai rodi, ƙofar ƙarfe, firiji da tankin ruwa duk suna cinye ƙarfinta. Shi ya sa aka fi son rauta ta zauna a tsakiyar gida, a sarari, bisa wuri mai tsayi. Ɓoye ta a kabad ko bayan talabijin, don gudun hannun yara, yana cikin kuskuren da ya fi yawa.

Yawancin rautocin zamani suna da zango biyu. Na 2.4GHz ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da rautocin maƙwabta duk a kansa suke. Tashoshi na 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Na 5GHz ya fi sauri, sai dai ba ya nisa.

Raba kalmar sirri ga duk mai tambaya ma yana rage sauri, yana kuma ƙarar da data.

Sayen na'urar ƙara zango shi ne mataki na ƙarshe. Ana kafa ta a tsakanin rauta da ɗakin da sabis ba ya kaiwa, inda take samun sigina mai kyau, kuma masu arha kan rage saurin da kusan rabi. A gida mai sassa da yawa, jan wayar intanet zuwa rauta ta biyu ya fi inganci, domin wayar tana kai mita 100.