Bandar Baga da Hayaƙin Turai

A shekarun 1960, duk mai son fataucin banda Baga yake nufa. Tafkin Chadi a 1963 ya mamaye murabba'in kilomita kusan 25,000. Buduma ne mutanen tsibiran tun asali, amma da ragar nailan ta shigo sai masunta daga Kabi da Yawuri da ƙasar Jukun suka yi ta kwararowa. A kamo giwan ruwa da balli, a yanka gunduwa-gunduwa, a ƙyafe, a ɗora wa manyan motoci su bi ta Maiduguri har Onica. Mahaifina da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa mata, da ita ya sauke farali.

Sai fari ya sauka. Kogin Shari da reshensa Logone, masu kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan tafkin, suka ja baya. A 1973 tafkin ya rabu biyu, kuma bayan farin 1984 abin da ya rage bai kai ushirin faɗinsa na dā ba. Giwan ruwa mai son zurfi ta yi wuyar gani, aka koma tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Wasu masunta suka rataye koma suka shuka masara da wake a gurbin ruwa. Wasu suka bi ruwan har Darak a cikin ƙasar Kamaru, wurin da sai Kotun Duniya ce ta raba gardamarsa a 2002. Magudanan aikin noman rani na Marte kuwa suka zauna a bushe.

Wa aka ɗora wa laifi? Mu. A 1975 masanin yanayi na Amurka Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka kwashe wa ciyawa da itatuwa tana korar hadari. Daga nan masu ba da agaji suka kama bakin zaren: shanun Fulani sun yi yawa, awaki sun cinye daji, mata sun sare itace. Haka aka karantar da mu a makaranta.

A 2003 binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta ya nuna cewa sauyin zafin ruwan teku ne babban abin da ya janye damina daga Sahel. Wasu bincike kuma suka gano cewa hayaƙin farar wuta daga kwal ɗin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atilantika, ya taimaka wajen tura hadari kudu. Wato bakin bututun da ba mu taɓa gani ba yana da hannu a toshewar hanyar abincin mai banda a Doron Baga. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Mu ma da namu kason. Madatsar Tiga ta 1974 ta rage ruwan da ke gangarawa Kogin Yobe, kuma har gobe ana ƙona iskar gas a banza a Neja Delta. Amma Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Ƙasashe masu arziki sun amsa tun taron Riyo na 1992 cewa nauyin ba ɗaya ba ne. A Kofanhegan a 2009 suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Sai a 2022 suka cika, in ji su, kuma kaso mai tsoka bashi ne. A 2022 ɗin ne kuma aka amince a Masar da kafa asusun biyan asara da ɓarna.

Ruwan tafkin ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, amma jarin da fatake suka rasa bai dawo ba. Saboda haka ina roƙon wakilanmu masu zuwa tarukan yanayi su daina karɓar kuɗin nan da sunan taimako. Diyya ce, kuma ba a biyan diyya da bashi mai ruwa.