Maɓallai ashirin da huɗu a tafin hannu

Mu da muka daɗe muna saita na'urorin hannu na manyan sito mun san ciwon kan ba daga na'urar yake farawa ba, daga babbar kwamfutar ofis ne. Bayan IBM ta fitar da AS/400 a 1988, manhajojin lissafin kaya da yawa sun ginu a kan allo mai koren rubutu da maɓallan umarni 24. F3 fita, F12 komawa baya. Sai aka ce a cusa wannan duka cikin abin da ma'aikaci zai riƙe da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ɗauke da kwali.

Kamfanoni irin su Telxon da Symbol da Intermec suka yi ta ƙera na'urori. MC9000 ta Symbol tana zuwa da maɓallai 28 ko 43 ko 53, a wasu sai ka danna shuɗi ko ruwan lemo kafin ka kai ga harafin da kake so. To ka yi tunanin mutumin ɗakin sanyi, sanye da safar hannu mai kauri, zai danna biyu don umarnin da yake bayarwa yini zur. Ba mai yarda a taɓa manhajar ofis, don haka maɓallan muke lanƙwasawa. Mukan buɗe fayil ɗin saiti na manhajar Wavelink, mu ɗauko umarnin da aka fi amfani da shi mu ɗora a kan babban maɓalli kusa da babban yatsa.

Zamanin Windows CE ya fi wahalar da mu. Batir ya ƙare ƙurmus, na'ura ta tashi ta manta komai, sai abin da aka ajiye a jakar Application. Sabon shiga da bai san haka ba, da asuba waya za ta tashe shi.

Motorola ta sayi Symbol a 2007, Zebra ta karɓi sashen waɗannan na'urori a 2014, aka koma Android. Yanzu da manhajar StageNow kana tsara maɓallan sau ɗaya, ta fitar da bakod, kowace na'ura ta karanta ta saitu. Sauƙi ya samu, ban musa ba. Sai dai a sito da yawa, ƙarƙashin gilashin da ake shafawa, tsohon allon nan mai koren rubutu, wato 5250, shi ke aiki, kuma har yau akan kira mu a ce a mayar da F3 inda yatsun ma'aikata suka saba samun ta.