Laifin da Len Hutton Ya Yi a Filin Oval

A watan Agustan 1951 Ingila ta karɓi baƙuncin Afirka ta Kudu a filin Oval da ke Landan, a wasan kurket na Test, irin wanda ake kwanaki ana fafatawa. Len Hutton ne riƙe da sanda, gwanin da ya tara maki 364 a wannan fili a 1938. Athol Rowan ya jefo ƙwallo, ta taɓa safar hannun Hutton ta yi sama. Da ya waiga sai ya ga kamar za ta faɗo kan turaka ukun da yake karewa, ya kai mata sanda. 'Yan Afirka ta Kudu suka ɗaga murya suna neman hukunci, alƙalin wasa kuwa ya ɗaga yatsa. Hutton ya fita da maki 27, bisa laifin tare wa masu tsaron fili hanya. Tun da aka fara wasannin Test a 1877 ba a taɓa fitar da kowa da wannan laifi ba.

Abin da ya ɗaure wa 'yan kallo kai shi ne, dokokin kurket, waɗanda ƙungiyar MCC ke riƙe da su a filin Lord's, sun yarda mai duka ya sake kai wa ƙwallo sanda idan turakansa yake karewa. To, me Hutton ya yi da ya wuce wannan? Ba wanda ya zarge shi da ha'inci, hasali ma hankalinsa na kan turaka.

Amsar tana bayansa a tsugune. Russell Endean, mai tsaron bayan turaka, wanda wannan ne wasansa na farko a Test, ya riga ya miƙo hannu zai cafe. Ƙwallon da ta taɓa safar da ke riƙe da sanda tamkar ta taɓa sandar ce, idan aka cafe ta kafin ta dira ƙasa, mai duka ya fita. Dokoki biyu ke nan suka yi karo, kuma an daɗe da raba musu gardama: izinin kare turaka ba ya aiki idan zai hana cafewa. Sauran rikicin yana kan kalmar "da gangan" da ke cikin dokar tare hanya. Masu tausaya wa Hutton sun ɗauka sai an tabbatar ya yi niyyar cutar Endean. A ganina sun kuskure. Alƙali ba ya iya leƙa zuciyar mutum, abin da yake dubawa shi ne ko da saninsa ya ɗaga sandar. Shi ya sa a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2019 ba a kama Ben Stokes da laifi ba lokacin da jifan Martin Guptill ya bugi sandarsa yana tsakiyar nutso don ya tsira. Ƙwallo ce ta same shi, bai ma gan ta ba.

Shi kansa Endean bai tsira ba. A Janairun 1957, a Cape Town, kuma a karawa da Ingila, jifan Jim Laker ya bugi ƙafarsa, ƙwallon ta tashi ta nufi turaka, ya sa hannu ya kaɗe ta. Ya zama na farko da aka fitar a Test saboda taɓa ƙwallo da hannu, laifin da a lokacin yake da babinsa daban.

A 2017 aka haɗe laifukan biyu suka koma ɗaya, kuma hakan ne ya samo wa Hutton abokin zama bayan shekara 72. A Disambar 2023, a Mirpur, Mushfiqur Rahim na Bangladesh ya tare jifan Kyle Jamieson na New Zealand, sannan ya ture ƙwallon da hannu, alhali nesa take da turakansa. Mai yiwuwa ya ɗauka ta mutu. A doka kuwa ƙwallo tana mutuwa ne, misali, idan ta zauna daram a hannun mai jifa ko mai tsaron baya, ko alƙali ya gamsu cewa ɓangarorin biyu sun daina ɗaukarta a cikin wasa. Tasa tana tsalle a ƙasa ya kai mata hannu, aka sallame shi da maki 35.