Sunan Uwa A Goshin Jirgi

'Yar'uwa, a ce ɗanki ya tashi yi miki gwaninta, ya rubuta sunanki ɓaro-ɓaro a jikin abin hawansa, ai daɗi zai kashe ki ko? To, ki saurari labarin wata Ba'amurkiya mai suna Enola Gay da ɗanta Paul Tibbets. Ni kam tun da na karanta shi nake ta juya shi a raina.

An haifi Paul a 1915 a Amurka. Mahaifinsa so yake ya zama likita, har ya fara karatun, amma hankalin yaro yana sama. Tun yana ɗan shekara 12 wani matuƙi ya ɗauke shi a jirgi, yana wurgo wa 'yan kallon sukuwa alewar talla. Ran da ya ce zai ajiye karatu ya shiga sojan sama, uban ya ɓata rai. Uwar ce ta tsaya masa, ta ce ya je. Ya shiga a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi gwanin tuƙi. A watan Agusta 1942 shi ya ja jirgin da ke kan gaba, ranar da manyan jiragen Amurka suka fara kai wa Jamusawa hari a ƙasar Faransa. A 1944 aka damƙa masa wata runduna ta sirri, suka shige hamadar Utah suna atisaye. Ko matarsa Lucy ba ta san abin da maigida yake ciki ba.

Daga nan aka kwashe su zuwa tsibirin Tinian, inda jirgi zai iya isa Japan. Ranar 5 ga Agusta 1945 ya sa aka rubuta ENOLA GAY a goshin jirginsa, wai don tunawa da goyon bayan da ta ba shi. Washegari da ƙarfe 8:15 na safe suka saki bom ɗin ƙare-dangi a kan Hiroshima. Ki duba lokacin fa: mata na wanke kwanukan karin kumallo, yara sun fita. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin mutum 140,000 sun mutu. Shi kuwa shekarunsa 30.

Masu kare shi suna cewa bom ɗin ne ya gajarta yaƙi, don bayan an ƙara wani a Nagasaki, Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga watan. Shi ma haka ya yi ta faɗa, ba ya nadama, barcinsa yake yi lafiya lau. A 1976 ma har ya sake kwaikwayon harin a wani wasan jirage a Texas, sai da gwamnatin Amurka ta ba Japan haƙuri.

Ni abin da ya tsaya min a rai uwar ce. Allah sarki! Aikin sirri ne, ba wanda ya shawarce ta. Tana gida sai jin sunanta ta yi ya cika duniya, kuma har yau in aka ambace shi ba ita ake tunawa ba, wuta ake tunawa.

Paul ya yi ritaya a 1966 yana birgediya janar, ya mutu a 2007 yana da shekara 92. Ya bar wasiyya kada a yi masa jana'iza ko alamar kabari, don gudun masu zanga-zanga. Aka ƙone gawar, aka watsa tokar a teku. Jirgin kuwa yana ajiye a gidan tarihi kusa da Washington, sunan mahaifiyarsa na nan a goshinsa.