Daga Tocila Zuwa LED: Tarihin Fitilar Bayan A-kori-kura

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa garejin mota, don wutar da ke cikin wayarka da wadda ke cikin mota duk dokarsu ɗaya ce.

Idan ka tsaya a shataletalen Ƙofar Kaura bayan magariba, lura da a-kori-kura da Hilux masu dawowa daga kasuwannin Charanchi ko Jibiya. Da yawansu za ka ga an ɗaura masu ƙarin fitila a baya, wata tana haska bodin da kaya suke, wata tana kamawa idan an sa ribas. Kamfani bai saka su ba, aikin masu wayarin ne, wani lokacin ma direban ne da kansa. To daga ina abin ya samo asali?

Motocin farko ba su da fitilar lantarki ko kaɗan, ta mai ko ta gas ake rataya masu. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai batir da sitata da fitilu a haɗe. Batiran lokacin bolt 6 ne, a shekarun 1950 aka koma bolt 12 da muke kai har yau. Ƙwan halojin kuma ya shigo a 1962 a Turai.

Mu a nan Arewa, labarin a-kori-kura labarin Peugeot ne, wadda kowa ke kira Fijo. An kafa kamfanin PAN a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, lokacin Katsina na cikin jiha ɗaya da Kaduna, don sai a 1987 aka ba mu tamu. 404 da 504 su suka riƙa ɗaukar hatsi, tumaki da mutane tsakanin ƙauyuka. Wanda ya zana motar a Faransa bai yi tunanin za a loda buhu da asuba a tashar da babu wutar NEPA ba. Ka tambayi tsofaffin direbobi, za su ce maka yaron mota shi ne fitilar baya: ya riƙe tocila, yana buga bodi yana cewa "taho, taho, tsaya!"

Daga nan masu wayarin suka fara dabara. Su ɗauko fitilar gaba ta mataccen mota, su ɗaura a ƙarfen bayan kai, su jona a wayar ribas. Aiki ya yi kyau a ido, amma ga inda matsalar take, kuma ka natsu a nan.

A jikin giya akwai wani ɗan makunni da ke haɗa wuta idan ka sa ribas. Ƙwan ribas na kamfani wat 21 ne. Raba 21 da 12, ka samu amf 1.75, guda biyu amf 3.5. Daidai wannan aka auna kaurin wayar da ƙarfin makunnin. Shi kuwa halojin wat 55 ne, wajen amf 4.6 yake ja. Ka ƙara biyu, ka ɗora amf 9 a kan wancan 3.5 ɗin. Fis zai ƙone, kuma aikinsa ke nan. Abin takaicin, maimakon a gane saƙon, sai a naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa. Yanzu babu mai tsaro. Wayar ce za ta yi zafi, robarta ta narke, ta taɓa bodi, alhali a samanta akwai buhunan ƙaiƙayi ko jarkar fetur. Mu masu gyaran waya mun san irin wannan: a yi jomfa a tsallake abin da ke kare layin caji, waya ta yi kwana biyu tana aiki, rana ta uku allon ya tafi. Bambancin kawai, waya ba ta ɗaukar fasinja.

Maganin da ƙwararrun cikinsu suka koma wa shi ne rile, wato relay a rubutun jikinsa. Lambobin ƙafafunsa daga tsarin Jamus suke, shi ya sa a na kamfanoni da yawa iri ɗaya za ka gani. Lamba 30 tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta cikin fis nata, kuma fis ɗin ya zauna kusa da batir, ba can baya ba. Lamba 87 ta tafi sabuwar fitila. Lamba 86 ta karɓi sigina daga wayar ribas, 85 ta tafi bodi. Ka ga tsohuwar wayar ba ta ɗauki nauyi ba, umarni kawai ta bayar. Fis masu launi da aka fara a 1976 su ma sun sauƙaƙa: ja amf 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20.

Sai LED ta zo ta canja lissafin. Nick Holonyak ya yi ja a 1962, amma fara ba ta samu ba sai da Shuji Nakamura ya fitar da shuɗiya mai haske a Japan a 1993, aikin da ya kai shi da Akasaki da Amano ga kyautar Nobel a 2014. Filashin wayarka jikan wannan aikin ne. Fitilar LED mai wat 18 amf 1.5 kawai take ja, ga haske kamar rana. Da 'yan China suka cika kasuwa da araha, kowa ya zama mai wayarin.

Ni dai a ganina sauƙin nan ya ƙara sakaci. Ana murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, damina ta zo ruwa ya shiga. Ana ratsa waya ta hujin ƙarfe ba roba, gargadar hanya ta yanke ta. Wasu kuma su bar farar fitila a kunne a baya suna tafiya a titin Kano, suna kashe wa na bayansu ido. Fitilar kaya ta samu makunninta daban, a kashe kafin a tashi.

Sababbin motoci kuwa wani babi ne. Tun da Bosch ya gabatar da tsarin CAN a 1986, fitilu a motoci da yawa suka koma ƙarƙashin kwamfuta. Ka yanki wayar da ba ita ba, ko wuta ta koma baya daga makunnin da ka ƙara, abin da zai lalace ya fi fis tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin ka fere kowace waya, sa mita a kanta, mota a tsaye da birkin hannu, inji a kashe makulli a buɗe, wani ya sa ribas ya cire. Wadda ta nuna bolt 12 ta koma sifili ita ce taka. Sannan ka cire kan batir na nagatif kafin ka fara haɗi.