Yadda Doka Ta Shiga Rumbunan Maniyyi da Ƙwai a Ingila

Tun kafin hukuma ta sa baki cikin al'amarin, likitocin Ingila sun daɗe suna yi wa ma'auratan da Allah bai nufe su da haihuwa ba dabara da maniyyin wani namiji dabam, kuma sharaɗin aikin a wancan zamani shi ne sirri: miji ya kame bakinsa, mata ta kame nata, ɗan da aka haifa kuwa ya tashi bisa yaƙinin cewa wanda ya raine shi shi ne mahaifinsa. Da wata likita a birnin Landan mai suna Mary Barton ta bayyana aikinta a mujallar likitoci cikin 1945, sai ƙasa ta ɗauki zafi, har kwamitin da Babban Limamin Cocin Ingila, Geoffrey Fisher, ya kafa ya ba da shawara a 1948 cewa a mai da abin laifi mai hukunci. Gwamnati ba ta karɓa ba, ba ta kuma halatta ba, aka bar lamarin a rataye, alhali ɗan da aka samu ta wannan hanya shege ne a idon shari'arsu.

Mafsadar wannan shiru ba ta fito fili ba sai bayan shekaru masu yawa, sa'ad da gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa mijin likitar, Bertold Wiesner, yana cikin masu ba da maniyyin, kuma ana kyautata zaton 'ya'yansa sun kai ɗaruruwa, muharraman juna ne, alhali akasarinsu ba su san 'yan'uwansu ba.

Ilmi kuwa bai tsaya jiran doka ba. A 1953 masana a jihar Iowa ta Amurka suka samu ciki da maniyyin da aka daskarar, wanda shi ne asalin rumbunan ajiya, sa'an nan ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham bayan an haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a waje da mahaifa, daga nan ƙwan mace ma ya zama abin da ake iya bayarwa. Ganin haka gwamnati ta naɗa kwamiti a 1982 ƙarƙashin malamar falsafa Mary Warnock, rahotonsa ya fito a 1984, majalisa ta gina dokar 1990 a kansa, aka kafa hukumar HFEA a 1991, wadda ke ba asibitoci lasisi, tana ajiye rajistar masu bayarwa, tana wajabta a gwada su saboda cututtuka, ta kuma ƙayyade kada kyautar mutum ɗaya ta wuce iyali 10. Dokar ta tabbatar wa mijin da ya yarda matsayin uba, ta sauke wa mai bayarwa nauyin ciyarwa da gado, amma ta bar sunansa a ɓoye.

A duniyar Musulmi kuwa, malaman Sunna sun bi wata hanya dabam, domin kiyaye nasaba yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma a kansa gado da walicci da muharramci suka dogara. Saboda haka fatawar Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ta 1980 ta halatta haɗa ƙwai da maniyyi tsakanin miji da matarsa, ta haramta shigar na uku. Ingila ba ta ɗauki wannan hukunci ba, amma damuwa da nasaba ta cim mata ta bakin 'ya'yan da kansu, waɗanda suka girma suka nemi sanin asalinsu har gaban alƙali. Suwidin ta riga ta ba su wannan haƙƙi tun 1985. Ingila ta bi sahu ranar 1 ga Afrilu, 2005, ta hukunta cewa duk wanda aka haifa daga kyautar da aka bayar bayan wannan rana yana iya neman sunan mai bayarwa in ya cika shekara 18, na farkonsu kuwa sun cika a 2023.

Shekara 60 ke nan tsakanin bayanin Barton da wannan gyara, kafin doka ta gane cewa wanda ya fi kowa haƙƙi cikin yarjejeniyar shi ne wanda ba a yi shawara da shi ba. Har yanzu waɗanda aka haifa daga kyautar da ta gabaci 2005 ba su da ikon sanin sunan sai mai bayarwa ya yarda da kansa, wannan kuwa bashi ne da ke wuyan majalisa.