Gida Kafin Bariki: Tasirin Tarbiyya a Halayen Yakubu Gowon da Murtala Muhammad

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta shugabannin soja biyu da suka sha horo iri ɗaya amma halinsu ya sha bamban, domin nuna cewa bariki yana ɗora horo ne a kan ɗabi'ar da yaro ya taso da ita.

Tushe

Gowon da Murtala duk sun yi Kwalejin Barewa ta Zariya, sun je makarantar soja ta Sandhurst a Ingila, kuma sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Bambancin yana gida.

An haifi Gowon a 1934. Iyayensa 'yan ƙabilar Angas ne daga Filato, mahaifinsa mai wa'azin mishan a Wusasa. Ɗan tsiraru da ya girma a gefen birnin Zazzau dole ya koyi sauraro da lallashi, ya san inda zai sassauta. Murtala kuwa an haife shi a 1938 cikin birnin Kano, a zuriyar malamai da alƙalai, kuma kawunsa Inuwa Wada minista ne a Jamhuriya ta Farko. A irin wannan gida yaro yakan ga an yanke magana a zaure, an tashi ba a sake ta ba.

Fagen yaƙi da gadon mulki

A Oktoban 1967, lokacin yaƙin basasa, Murtala, yana kwamandan Runduna ta Biyu, ya nace sai ya ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha da jiragen ruwa, duk da hedkwatar soja ta Legas ba ta so ba. Sau uku ana gwadawa ana asarar rayuka. A watan ne kuma sojojin rundunar suka kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba, abin da bai kamata mai nazari ya tsallake ba saboda ƙaunar da muke yi wa marigayi Murtala.

Wannan zafin nama shi ne ya yi amfani bayan Murtala ya hau mulki a 29 ga Yulin 1975. Cikin ƙasa da wata bakwai ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya tsayar da shawarar gina Abuja, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola ba tare da shakkar Amurka ba. Ya kuma sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawansu ba a saurari ta bakinsu ba.

Haƙurin Gowon ya hana ramuwar gayya da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma haƙurin nan ya sa ya kasa tsawata wa gwamnonin da ake zargi da almundahana, har a 1974 ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Sandhurst ta koya musu biyayya ga umarni, sai dai a rikicin juyin mulkin Yulin 1966 da wuya Murtala ya yarda Gowon ya hau mulki, kuma shekara tara bayan haka hafsoshin da suka kifar da Gowon Murtala suka miƙa wa ragama.